Neman Auren Wuta

Duk wanda ya ce neman aure wahala ne, bai taɓa neman a ja masa wuta gida ba.

Da farko fom. Sai hoto biyu, wai don wutar ta gane fuskarka in ta iso. Sai lambar NIN. Sai takardar shaidar gidan naka ne, kada ta yi ɓatan kai ta faɗa gidan maƙwabci. Sai sa hannun mai wayarin, shi ma mai lasisi.

Na kai duka. Jami'in ya gyara zaman tabarau.

"Alhaji, akwai falwaya a layinku?"

Babu. Muka yi karo-karo, gida tara, muka sayi biyu har da waya. Taransifoma kuma aka ce ta galabaita, a taimaka mata da mai. Muka taimaka. Lefe ke nan.

Ranar Talata aka ɗaura mita, sabuwa fil. Na zuba mata katin naira 5,000. Yara suka share tsakar gida, uwargida ta cika firij da zoɓo.

Yau kwana 11, amarya ba ta tare ba. Amma danginta akwai zumunci. Jiya ma sun zo da tsani, su duba ko muna shanta ta bayan fage.