Fayil Ɗaya Ya Ɓace, Gida Ya Zama Kotu

Fayilolin tushe su ne ƙananan fayilolin da babbar manhajar kwamfuta take dogara da su wajen tashi da gudanar da ayyukanta, kuma a na'urar da ke aiki da Windows mafi yawansu suna zaune ne a wata folda mai suna System32. Da dama daga cikinsu sunayensu suna ƙarewa da haruffan dll, alamar cewa kayan tarayya ne da manhajoji masu yawa suke aron umarnin da ke cikinsu, shi ya sa ɓacewar guda ɗaya tak takan durƙusar da ayyuka da yawa a lokaci guda. Abubuwan da ke lalata su sanannu ne: ɗaukewar wuta yayin da na'ura take tsakiyar sabunta kanta, tsufan faifan ajiya, bairos da ke shigowa ta filashin da ya zaga shagunan buga takardu, da kuma manhajojin sata. Sai dai abin da ya fi cancantar nazari shi ne halin da mutanen gida suke shiga da zarar allo ya nuna cewa wani fayil ya ɓace.

Mataki na farko shi ne musu, domin a wannan rana ce ake gano cewa kwamfutar da mutum tara suke rububinta dare da rana ba ta taɓa samun wanda ya taɓa ta ba. Kowane mai ba da shaida yakan rantse cewa jiya lafiya lau ya bar ta, har da wanda ya ce rabonsa da ita tun kafin azumi. A mataki na biyu laifi yakan fara gangarowa bisa tsarin girma, daga maigida zuwa uwargida, daga uwargida zuwa babban ɗa mai wasan ƙwallo a allo, har ya tsaya a kan auta ɗan shekara huɗu, wanda ba shi da lauya kuma bai iya dogon bayani ba. Idan auta ya yi sa'a yana gidan kakarsa, to tuhuma takan koma kan baƙon da ya kwana makon jiya, tunda ba ya nan balle ya kare kansa. A duk tsawon zaman, alƙalin da ke yanke hukunci shi ne maigidan da ya fizge waya daga bango a daren jiya saboda man janareto ya kusa ƙarewa, alhali allo yana roƙon kada a kashe na'urar. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Mataki na uku shi ne jinyar gida, wadda ta ƙunshi hura iska a bayan na'ura, da bubbuga ta a gefe, da ajiye ta gaban fanka don ta huce, da kashewa da kunnawa har sai yatsa ya gaji. Idan duk wannan bai yi ba, akan samu wata gwaggo da za ta tuna cewa ranar da aka sayo kwamfutar wata maƙwabciya ta yaba ta ba tare da ta ce tubarkalla ba. Abin lura a nan shi ne, saƙon da ke ɗauke da sunan fayil ɗin da ya ɓace yana nan ɓaro-ɓaro a allo tun safe, amma kowa yakan rufe shi da sauri kafin ya karanta.

Daga nan sai a aika a kira Injiniya, wato ɗan maƙwabta da ya samu wannan muƙami tun ranar da ya gyara wa kawunsa agogon waya. Bincikensa ba ya wuce minti biyu, sakamakonsa kuma ba ya canzawa: «Alhaji, bairos ne, sai fomatin.» Fomatin shi ne share duk abin da ke cikin faifan ajiya a sake ɗora babbar manhaja daga farko, kuma yin sa saboda fayil ɗaya daidai yake da rushe gida don an rasa makullin ɗaki. Bayan awa biyu na'ura takan tashi garau, a yi wa Injiniya godiya har da kuɗin goro, sai da daddare a tuna cewa hotunan biki, da kundin digirin Anti, da lissafin bashin shago duk sun tafi. Akwai kuma Injiniya mai zurfin ilimi, wanda yake kwaso fayil mai irin sunan wanda ya ɓace daga kowane lungu na intanet, ya dawo da bairos na gaske a inda da babu, alhali fayil irin VCRUNTIME140.dll yana cikin kunshin Visual C++ da Microsoft ke bayarwa kyauta. Wannan shi ake kira gyaran gangar Auzinawa.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan ɗabi'a ba ta wata al'umma ɗaya ba ce. A shekarar 2002 wani saƙon imel na ƙarya ya zaga duniya yana umartar mutane su goge fayil mai suna jdbgmgr.exe, wai bairos ne, sannan su tura gargaɗin ga duk wanda suka sani, kuma mutane da yawa suka goge lafiyayyen fayil da hannunsu suna murnar sun tsira. Jikokin wannan saƙo suna nan da ransu a WhatsApp.

Maganin gaskiya kuwa yana cikin na'urar tun fil azal, domin tun zamanin Windows 98 akwai manhajar duba fayilolin tushe. A yau mutum yakan buɗe Command Prompt, wato baƙin allon rubuta umarni, da izinin mai kula da na'ura, ya rubuta sfc /scannow, sai manhajar ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta maye gurbin duk wanda ya lalace da lafiyayyen kwafin da Windows ta ɓoye. Idan ma'ajiyar kwafin ita ma ta lalace, umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth yakan gyara ta ta hanyar intanet, sannan a maimaita na farkon, yayin da umarnin chkdsk yake duba lafiyar faifan ajiya. Aibin wannan magani a idon jama'a shi ne kyauta ne, yana buƙatar karatu da haƙuri, ba ya fitar da mai laifi, kuma ba ya bai wa kowa damar cewa dama ya faɗa.

Saboda haka, gidan da ke son zaman lafiya ya sayi na'urar riƙe wuta da ake kira UPS, ya riƙa adana kwafin muhimman takardu a wani faifai daban, ya kuma daina riƙe Windows 7 da aka daina tallafa wa tun Janairun 2020. Ranar da fayil ya ɓace kuma, a karanta abin da allo ya rubuta kafin a buɗe shari'a, a kuma saki auta, domin ba shi ya zare wayar ba.