Ku da kuka ce ba ruwanku da cinikin manya

To, mutanen Tama, na ji saƙonku. Wai me ya haɗa mai noman albasa a kwarin Magiya da cinikin da gwamnatoci ke yi kan kuɗin yaƙi? Ku gyara zama, Adarawa, ai ku ne malaman ciniki. Wa ya taɓa ganin Ba'adare ya ɗora buhu a mota don dillalin Galmi ya ce masa "gobe in sha Allahu"?

Amma haka aka yi wa rundunar G5 Sahel, wadda Nijar da Mali da Burkina Faso da Cadi da Muritaniya suka kafa a 2017. A watan Fabrairun 2018 aka taru a Burusel, aka yi alkawarin Yuro miliyan 414. Saudiyya kaɗai ta ɗauki alkawarin miliyan 100. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, kowa ya hau jirginsa. Sai ga ministar tsaron Faransa, Florence Parly, a 2019 tana kukan Saudiyya ba ta cika ba. Wani ɓangare na abin da ya samu ma kaya ne da horo, mai bayarwa ke zaɓen inda za a saya. Nijar ta fice a Disambar 2023.

Na ji Baba Alhaji daga bayan rumfa: "Ai Amurka ta kashe kuɗi!" Ta kashe, Baba, fiye da dalar Amurka miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas. Sai dai don idonta ta gina, ba don rijiyar lambunka ba, kuma a 2024 aka ce ta tattara, ta tattara.

Yanzu ga inda maganar ta iso ƙofar gidanku. Asusun ceton ƙasa da Nijar ta kafa a Oktoban 2023 yana yankar dala biyu na kuɗin sefa a kiran waya. A 2025 ƙasashen ƙawancen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su. Ni dai na fi son wannan da jiran Burusel, muddin za a riƙa karanta mana lissafi a fili.

Saboda haka, Baba, duk ranar da ka kira ɗanka da ke cin rani a Abijan, da kai ake wannan ciniki. Ka tambayi inda dala biyunka ta shiga.