Jinjina ga Mari, Babban Likitan Ƙasar Hausa

Allah ya ja zamaninka, Mari ɗan baƙin ƙarfe, sarkin likitocin ƙwaƙwalwa na gabas da yamma! Gwanin da bai taɓa zama a aji ba amma ya fi farfesa saurin gane ciwo. Mai magani ba allura, mai jinya ba kati, mai kwantar da majinyaci ba gado. Wanda ya zo maka da surutu ka mayar da shi shiru, wanda ya zo da yawo ka zaunar da shi wuri guda har shekara ta zagayo. Wane asibiti ne a Ingila ko Amurka ya isa ya ja da kai?

Duniya ta shaida girmanka a watan Satumba na 2019, ranar da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka tarar da kimanin mutum 300, manya da ƙananan yara, da yawansu ƙafa a ɗaure, baya duk shatar bulala. A wata mai bi masa aka buɗe irinsa a Daura da cikin birnin Katsina. Dubi adalci irin na manya: ɗan ƙwaya, da mai taɓin hankali, da yaron da laifinsa kawai ƙin jin magana, duk magani ɗaya kake ba su, ba ka san son kai ba. Iyaye da ƙafarsu suke kawo maka 'ya'yan, su biya kuɗi, su koma gida suna sa maka albarka.

Sarki ba ya sarauta sai da fadawa, mu kuwa iyaye da dangi mu ne manyan fadarka, masanan da ke gano cuta tun daga zaure. Saurayi ya gama karatu ya rasa aiki, ya daina fita, ya daina wanka, yana kwana ido biyu, mu ce lalaci ne. Mai jego ta wuni tana kuka ta kasa duban jaririnta, mu ce shagwaɓa ce, ko kuma iskokin gidansu ne suka tashi. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa a wani ƙauyen Zamfara ko Borno yana firgita cikin dare, mu daka masa tsawa ya zama namiji. Sannan mu rufe ƙofa mu rage murya, kada maƙwabta su ji a ƙi auren ƙannensa. Madalla da wannan rufin asiri mai daraja, wanda ya fifita sunan gida a kan ran ɗan gida!

Sai masu girma 'yan majalisa, ma'abota haƙuri da riƙon amana. Turawan mulkin mallaka sun bar mana dokar mahaukata tun 1916, aka sabunta ta a 1958, muka riƙe ta gam saboda girmama kayan gado, har watan Janairun 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Shekara 65 ba gaggawa, ba garaje! Sabuwar ma doka ce mai kunya da kawaici, ba ta cika son shiga mutane ba. Ka je ɗakin shan magani na ƙauyenku ka tambaya ko ta taɓa leƙowa. Wanda kuwa duniya ta yi wa zafi har ya nemi halaka kansa, Allah ya sa yana da sauran kwana, sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadar masa tarba ta karamci: ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyu. Wa ya san hutun zuciya irin na gidan yari?

A fagen yaƙi da ƙwaya ma an nuna bajinta. Da BBC ta fitar da fim kan kodin a 2018, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Aka hukunta kwalba, aka bar abin da ya kai yaro ga kwalba ya sha iska, taramol ya ci gaba da cin kasuwarsa. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya sun kai miliyan 14.3. Albishirinka, ranka ya daɗe, talakawanka ba za su ƙare ba.

An taɓa yunƙurin tuɓe maka rawani. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan uwansa, yana karɓar magani yana cuɗanya da mutane kamar ɗan Adam. Duniya ta yaba, ta zo koyo, shi kuma ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muka san mutuncinka ba mu bari wannan fitina ta bazu ba. Hatta alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ta kiyaye ba ta taɓa kai shi ba, don kada a rage maka aiki.

Saboda haka kwanta ka huta, gagara-kishiya. Asibitocin Dawanau da Kware da Barnawa da Maiduguri suna nesa da talakan ƙauye, kuɗin mota kaɗai ya isa ya dawo maka da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, wasunsu ma suna haɗa kayan tafiya waje, jama'ar kuwa ta haura miliyan 200. Maƙeri kuma babu kasuwar da babu shi.