Kowane Baki da Sunan da Bature Ya Raɗa Masa

Malaman Turanci kan ja kunnen ɗalibai masu shirin WAEC kada su cika rubutunsu da "said", su leƙa ƙamus su samo wasu kalmomin da za su burge mai duba takarda. Abin da ba sa faɗa wa yaran shi ne, a duk dangin nan "said" ce kaɗai mai riƙon amana. Sauran 'yan gulma ne. Bature bai cika zagin mutum ƙiri-ƙiri ba. In ya so cin mutuncinka sai ya bar maka sunanka da muƙaminka, ya je ya zaɓo kalmar da za ta tona yadda ka buɗe baki. Kowace kalma kuwa akwai mai ita, wasu har da kujera a majalisa.

Ga mai "mumble". Bawan Allah ba fushi yake yi ba, ba kuma asiri yake ɓoyewa ba, bakin ne dai ke da ƙiwa. Leɓɓa na motsi, magana na tasowa daga maƙogwaro, sai ta iso haƙora ta fasa fitowa. Sarkin wannan ƙabila Marlon Brando ne, wanda ya cusa auduga a kumatu lokacin da ake gwada shi don fim ɗin The Godfather na 1972, ya yi ta magana ciki-ciki har aka ba shi kyautar Oscar, ya kuma ƙi karɓa. Tun daga nan ƙananan 'yan wasa suka ɗauka haɗiye magana ita ce gwaninta. A 2014 BBC ta nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Jamaica Inn, mutum fiye da 2,000 suka kai ƙorafi cewa ba su ji abin da ake faɗa ba. Turawan Ingila ne fa, a ƙasarsu, da harshen iyayensu. Saboda haka in ka kalli fim ka rasa gane Turancin, kada ka ɗora wa makarantarku laifi.

Ƙaninsa mai "mutter" shi da gayya yake yi. Ɗan ƙunƙuni ne: yana so ka san ya yi magana, ba ya so ka ji abin da ya ce. In kana neman sa, je ka layin jiran bas a Landan ka jira wani ya tsallake layi. Ba wanda zai cakumi kwalarsa. Mai ƙunƙuni zai dubi takalminsa ya gaya wa takalmin ra'ayinsa, sannan ya saki abin da suke kira "tut", wato tsakin Bature, ɗan guntu a bakin harshe, wanda in aka gwada shi da namu mai tsawo ko sallama bai kai ba. Mai laifin ya juyo ya ce, "Da ni kake?" sai gogan naka ya ba shi haƙuri. Idan ya tsufa sai ya sami ƙarin girma ya koma mai "grumble", ya ƙare rayuwarsa yana mita kan ruwan sama da jirgin ƙasan da ya makara.

Masu raɗa ba su da wani dogon labari. David Attenborough ya yi raɗa a tsakiyar goggon birai a Ruwanda cikin shirinsa na 1979, kuma yana da hujja, domin wanda ke zaune kusa da goggo ba ya ɗaga murya. Masu kwaikwayonsa ne ba su da hujja, suna raɗa a gaban kunkuru.

Mu shiga majalisar wakilan Birtaniya, inda ake kiwon manyan muryoyi. Duk Laraba da tsakar rana firaminista kan tsaya amsa tambayoyi, zauren kuwa ya kaure da hayaniya. A nan mai "bellow" yake, kuma asali kukan bijimi ake kira haka. John Bercow, kakakin majalisar daga 2009 zuwa 2019, shi ya riƙe kambun. Aikinsa ya hana mutane ihu, hanyar da ya zaɓa kuwa ita ce ya fi kowa ihu. Zai cika huhu, fuska ta yi ja, ya ja kalmar "Order" har sai ta kusa tsinkewa. Lokacin rikicin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mutanen da ba su san ko sunan mazaɓarsa ba a wasu ƙasashe suna kunna talabijin don kawai su ji ya saki wannan ƙara.

Wanda ya fi ba shi ciwon kai shi ne mai "heckle", ɗan katsalandan. Wannan ba ya shirya jawabi, jawabin wani yake jira ya jefa masa tsakuwa. A majalisar nan al'ada ta hana tafi, doka ta hana ka kira ɗan'uwanka maƙaryaci, don haka sai gwaninta ta koma ga iya jifa da kalma ɗaya a daidai gaɓa. Dennis Skinner, tsohon mai haƙar kwal da ya wakilci Bolsover daga 1970 zuwa 2019, ya mai da abin sana'a. A zamaninsa, ranar buɗe majalisa, idan ɗan aiken Sarauniya ya zo da sandarsa kiran wakilai, aka rufe masa ƙofa a fuska bisa al'ada, ya ƙwanƙwasa sau uku aka buɗe, to kowa sai ya kasa kunne, don an san Skinner zai jefo wata baƙar magana daga kujerarsa. A 2016 ya kira firaminista David Cameron "dodgy Dave", wato Dauda mai kwana-kwana. Bercow ya ce ya janye. Dattijon ya miƙe, ya maimaita da ƙarfi don wanda bai ji na farko ba, aka kore shi daga zauren na ranar, ya fice abinsa.

Wanda bai ci zaɓe ba shi ma an tanadar masa wuri. A kusurwar lambun Hyde Park, kusa da Marble Arch, akwai dandalin da tun bayan dokar 1872 kowa ke iya zuwa ya faɗi abin da ke ransa. Ranar Lahadi za ka tarar da mai "rant" a kan ɗan tsani, jijiyar wuya a tashe, yatsa na sukar iska, yana yi wa mutum huɗu da tattabaru bayanin yadda duniya za ta tashi. Ba ya bukatar amsa, ba ya ma bukatar mai sauraro. Sai dai a yi hattara, domin a dandalin nan George Orwell da Marcus Garvey sun taɓa tsayawa. Wanda ya yarda da su ya ce jawabi suka yi, wanda bai yarda ba ya ce bambami ne, alhali tsanin ɗaya ne.

Duk waɗannan suna gajiya su tafi gida. Wanda ba ya gajiya shi ne mai "drone", mai murya ɗaya ba hawa ba sauka, kamar injin niƙa a bayan gida: ba ka lura da shi sai ya tsaya. Gidansa majalisar dattawan Amurka, inda sanata ke iya riƙe zaure muddin yana tsaye yana magana. Huey Long a 1935 da zance ya ƙare masa sai ya koma karanta wa sanatoci yadda ake girki. Strom Thurmond a 1957 ya yi awa 24 da minti 18 don ya tare dokar kare 'yancin baƙar fata, yana karanto dokokin zaɓe jiha bayan jiha, dokar kuma ta wuce duk da haka. Ted Cruz a 2013 har littafin tatsuniyar yara ya karanta. A 2025 Cory Booker, baƙar fata, ya shafe awa 25 da minti 5 ya goge tarihin Thurmond. Tun kafin ranar ya daina ci da sha, saboda a wannan gasa ba harshe ke kayar da mutum ba, mafitsara ce.

Akwai kuma mai "waffle", ɗan kewaye-kewaye. Ka tambaye shi e ko a'a, ya ɗauko maka tarihin kakan tambayar. A 1997 ɗan jarida Jeremy Paxman ya yi wa tsohon ministan cikin gida Michael Howard tambaya guda fiye da sau goma a jere, ko ya yi barazanar take hukuncin shugaban gidajen yari. Kowane karo Howard ya amsa cikin ladabi da nutsuwa, sai dai wata tambayar daban yake amsawa. Aka yi ta yaba wa Paxman da jarunta. Daga baya ya bayyana cewa rahoton da zai biyo baya ne bai kammala ba, aka ce ya ja lokaci. Ashe su biyun duk kewaye suke yi.

Na bar uban tafiyar a ƙarshe, wato mai riƙe da alƙalami. Shi ba ya ɗaga murya, shi ke raba wa kowa suna. Minista ya ce bai taɓa kuɗin ba. In editan na ƙaunarsa, sai a rubuta "said". In yana shakka, sai "claimed", abin da masu sauraron labaran rediyo suka saba ji da "ya yi iƙirarin", kuma da jin haka kowa ya san an ɗaga gira. In ya riga ya yanke masa hukunci, sai "insisted", a nuna mutumin ya dage alhali ba wanda ya yarda. Mai wayo sai ya ce to shi ba zai ce komai ba, ya ja bakinsa ya shige mota. Washegari ga hotonsa a shafin farko yana kare fuska da jaka, a ƙasa an rubuta cewa ya ƙi cewa uffan.