Kwando Biyu na Malamin Lissafi

A ƙasarmu ta Garun Mallam, idan mutum zai yi wa malamin ɗansa alheri, gona yake fara dubawa kafin aljihu. Mai shinkafa ya auna tiya biyu, mai kankana ya ɗauko manya guda uku, mai masara ɗanya ya karyo abin da hannu zai iya ɗauka. Kuɗi tsaba na malamin allo ne, shi ma kuɗin Laraba ne, kowa ya san iyakarsa, ba a zaman shawara a kansa. Malamin boko ne ba shi da ƙa'ida. Mukan ce ai gwamnati na biyansa, sai mu bi shi da "sannu da ƙoƙari" har yaro ya fita aji shida.

Ni ma da haka na so mu rabu da malamin 'yata Ummi, sai yarinyar ta ɓata min tsari. A farkon 2024, tana aji biyar, na dawo daga Kwanar Gafan da lissafin da dillali ya rubuta min a bayan takardar siminti. Ina zaune ina juya takardar, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Baba, an rage maka kwando uku, kuma la'adar nan sau biyu aka cire ta." Na daka mata tsawa, domin ba a saba yaro ya sa baki a lissafin manya ba. Da ta fita na sake bi a hankali, na ga ko sisi ba ta kuskure ba. Washegari dillali ya dawo min da kuɗina yana ta rantsuwa cewa sharrin biro ne.

A daren nan aka buɗe zaman shawara a tsakar gida. Uwargida ta ce malamin da ya koya wa yarinya kama dillali ya ci shadda yadi biyar da hula, in kuwa na ga da nauyi, in sa naira dubu goma a ambulan. Inna, wadda Ummi ta ci sunanta, ta ce a zamaninsu rago ake kai wa malami ranar sauka, kuma ba ta ga dalilin da takwararta za ta kasa rago ba. Na ce, "Inna, aji biyar fa take." Ta ce, "To kai da ka yi har aji bakwai, wane dillalin ka taɓa kamawa?"

Na kai maganar majalisarmu ta bakin titi, nan ma ban samu sauƙi ba. Wani ya ce dubu biyu da sabulun wanka sun wadatar. Wani ya ce katin waya. Wani dattijo mai 'ya'ya takwas a makarantar ya kama hannuna ya ce don Allah kada in fara, domin duk abin da na bayar shi zai zama farashi, kuma shi sau takwas zai biya.

Ni kuwa ina da nazarina. Kowace kyauta farashi biyu gare ta: abin da ta ci wa mai bayarwa, da girman da take da shi a idon jama'a. Gwanin kyauta shi ne wanda ya danne na farko ya ɗaga na biyu. Ta wannan ma'auni ambulan ita ce mafi sharrin kyauta, ga ta siririya ba mai ganinta, ga adadi ƙuru-ƙuru ba wurin ɓuya. Shadda ma kowace mace a gidan malam ta san kuɗin yadinta da taɓawa ɗaya. Abin da ya cika sharaɗi a watan Fabrairu ɗaya ne tak, tumatir.

Wanda bai san yankinmu ba sai na yi masa bayani. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke biyo kanal yana ratsa Bunkure da Kura da Garun Mallam, mu kuma muka zama mutanen da ba su san hutun rani ba. Matsalar ita ce tare muke komai. Damina na ɗaukewa kowa ya dasa, daga Kadawa har Chiromawa da Dorawar Sallau, saboda haka tare yake nuna mana. Daga Janairu zuwa Maris kasuwar Kwanar Gafan, a kan titin Kano zuwa Zariya, ba masaka tsinke: manyan motoci na lodin Legas da Fatakwal da Anacha, duk da haka kaya ya fi mota yawa. Tumatir kuma ba ya jiran ciniki. Idan aka cire kuɗin kwandon da babu komai a ciki, da na masu tsinka, da na dako, da la'ada, wani lokaci abin da ya rage wa manomi bai isa ya sha fura ya hau babur ba. Shi ya sa za ka ga an baje shi a gefen titi ana yankawa ana shanya kauɗa. A makon da nake magana, manyan kwanduna biyu ba su kai dubu goman da uwargida ta yanka ba. Amma a ido? Sai ƙarti biyu sun kama.

Kyauta irin wannan ba a yinta a ɓoye. Na jira ranar taron iyayen yara da malamai. Bayan an gama kukan rashin benci da alli, na ɗaga hannu, na miƙe, na gyara babbar riga. Na ba da labarin dillali, na ƙara masa ɗan gishiri. Sannan na ce, a gaban hedimasta da mai unguwa da liman, na ba malamin lissafi tumatir kwando biyu, UTC zaɓaɓɓe, "kuma ba ƙananan kwanduna ba, irin na lodin Legas." Wannan ƙarin na ƙarshe ba ya cikin shirina. Kabbarar da aka yi ce ta ja ni.

Malam ya miƙe a natse, siririn mutum mai alli a gefen hula. Ya ce, "Alhaji, Allah Ya saka da alheri, Allah Ya ƙara buɗi." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Ya ci gaba: "Sai dai yanzu gidana ko ƙarƙashin gado tumatir ne, maƙwabta sun cika mu. In na karɓa ruɓewa zai yi, in ɗauki alhaki. Ka riƙe min amana a wurinka, ranar da buƙata ta taso zan aiko."

Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na yi kyauta, an yi kabbara, na zama Alhaji, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta bar gonata ba. Na ce wa uwargida ta koyi yadda ake sarrafa dukiya. Ta ce, "Uhm."

Azumi ya kama a watan Maris, aka yi ƙaramar Sallah a Afrilu, zafi ya sauko da ƙarfinsa. Tare da zafin sai ga sharon. Wannan tsutsa da turawa ke kira Tuta absoluta mun san ta tun 2016, shekarar da ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina. Cikin ganye take shiga ta ci daga ciki, inda feshi ba ya isa gare ta, kafin ka ankara gona ta koma kamar an bi ta da wuta. Abin da ya rage min na tsince, na kaɗe gonar, na zuba irin shinkafar damina. Kwanar Gafan ta watse, rumfuna suka koma wurin kwanan awaki. Zuwa Mayu da Yuni rediyo ba ta da zance sai tsadar tumatir, ana cewa a kasuwar Mil 12 ta Legas babban kwando ya haura naira dubu 100. Muna majalisa muna dariyar mutanen birni da ke miya da karas.

Ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah, wadda ta faɗo ranar 16 ga Yuni, Ummi ta dawo daga makaranta da wasiƙa. Rubutu ne mai kyau, kowane harafi a zaune a kan layi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam yana sanar da ni cewa zai aurar da babbar 'yarsa ranar Asabar ta bayan Sallah, yana gayyatata, kuma "ɗan saƙon nan da ke wurinka, yanzu buƙatarsa ta taso."

Na karanta, na nemi wuri na zauna, alhali a zaune nake.

Dabarar farko kauɗa ce. Akwai buhu guda a rumbu, kuma duk wanda ya taɓa shanya ya san kwanduna da yawa ne ke ƙanƙancewa su zama buhu ɗaya, wato ma na yi ƙari. Uwargida ta ce in na kai busasshen tumatir gidan biki, ita ba za ta sake fita unguwa ba. Dabara ta biyu, na samo wasu 'yan kwanduna irin na tallan yalo. Ina cikin gwada su Ummi ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, irin na lodin Legas ka ce. Wannan sai an zuba goma sha biyu kafin a cika ɗaya." Wato ilimin da zan biya kuɗinsa shi ne ya tsaya yana gadin kuɗin.

Na tafi wurin liman da fatawa, na sakaya suna. Na ce wani bawan Allah ne ya yi alkawarin abu lokacin da yake da araha, yanzu ya yi tsada, shin ƙimar ranar alkawari zai biya ko ta yau? Liman ya ce, "Shi bawan Allahn, kuɗi ya ambata ko kwando?" Na ce kwando. Ya ce, "Irin na lodin Legas ko? Ai ni na rufe taron da addu'a."

Daga nan sai gidan Malam, da daddare, da dubu goman uwargida a ambulan, na ƙara biyar a kai. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ga hidima ta yi yawa, na ce ko kuɗi zai fi amfani." Ya tura ambulan ɗin gabana da yatsa ɗaya, ya ce, "Haba Alhaji, kuɗi a tsakaninmu? Wallahi ba zan ɗora maka nauyi ba. Ɗan tumatirin nan da ka yi niyya ya ishe ni." Na dubi fuskarsa a hasken fitila ina neman alamar dariya, ban samu ba. A hanyar fita na lura da injin ban ruwa a zaure da buhun taki a jingine. Ashe shi ma yana da 'yar eka a wajen Kadawa. Mutumin da ke koyar da lissafi, kuma yake noman rani, a ce bai san abin da kwando ke zama a watan Yuni ba? Har gobe ban yanke masa hukunci ba, amma ina da ra'ayi.

Na fitar da shinkafa shanshera da na ɓoye don kuɗin taki, na kai Kura na sayar, na hau mota zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano, inda a wannan lokaci ake sauke na Jos. Farashin da aka faɗa min na kwando ɗaya ya wuce mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000, nesa ba kusa ba. Mai kayan ya ga yadda nake latsa tumatir ina duba gindinsa, ya ce, "Maigida daga ina?" Na ce daga Fagge. Ban rufe baki ba wani direba da ya saba ɗaukar min kaya ya ƙwala daga kan mota: "A'a! Mutanen Garun Mallam! Me ake kawo mana yau?" Da aka gane saye na zo yi, har masu dako sai da suka ajiye kaya suka zo kallo. Wani ya ce a ɗauke mu hoto, tun da yake bai taɓa ganin tumatir ya nufi Kadawa daga birni ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, amma a karkace. Aka ce ina da wata ɓoyayyar gona da sharon ba ta sani ba. Na tarar da yara a ƙofar gida da kwanuka: na surukaina, na mai unguwa, na matar liman, kowa a sam masa na miyar Sallah. Na kwana a zaure tsakanin kwanduna biyu da sanda a hannu, Inna na aiko min da saƙo cewa da rago na saya da yanzu ina barci.

Ranar biki kuwa, gaskiya an ci dafa-duka ja wur, irin wadda aka kwana biyu ba a gani ba a garin. Maroƙi ya hango ni ya saki ango ya dawo kaina, sai da na yi masa liƙi da ragowar kuɗin mota. Daga baya na ji cewa rabin kwando kawai aka dafa. Ɗaya da rabin Malam ya sayar wa masu abinci a bakin titi, ya cika kuɗin katifar amarya. Ummi kuma, da ta raka kayan, an ba ta tukuici: littafin rubutu ɗaya da fensir.

Zan faɗi gaskiya ɗaya ko da ba ta yi min daɗi ba. Mutumin nan yana tsayawa gaban yara fiye da yadda benci zai ɗauka, rabinsu a ƙasa, daga safe har azahar, a kan albashin da a watan bikin bai fi ƙarfin kwandunan da na kai masa ba. Da a ce wani ne ya biya, da ni ne na farkon cewa ya cancanta.

Dattijon nan mai 'ya'ya takwas ya daina amsa sallamata. Iyaye kuma, da aka koma sabon zango, suka zaɓe ni shugaban ƙungiyarsu ba hamayya, bisa hujjar cewa ni mutum ne mai hannu sake, kuma yanzu duk allon da ya tsage ni ake nema. Ƙanin Ummi ya shiga ajin Malam. Kwanan baya mun haɗu a bakin kanal, ya gaishe ni da Alhaji, ya yaba ƙoƙarin yaron, sannan ya tambaye ni ya albasa, wadda kowa ya sani banza ce a Maris, zinariya a Disamba. Na ce masa bana ban shuka albasa ba. Ummi tana gefe ta ce eka ɗaya da rabi ce.