Zuwa ga Sarkin Ruwan Ajiwa, Wanda Bai Iya Iyo Ba

Kai Na-Tagwai, taubashina, bawan gidanmu. Labari ya iske ni har Ƙofar Marusa cewa kana yawo majalisa-majalisa kana bugun ƙirji, wai in Ajiwa ta ga dama sai birnin Katsina ya kwana da ƙishirwa. Wai mu 'yan birni ku ke ba mu ruwa sadaka. To sannu, mai ruwa. Tun ranar da aka kai gwaggona aure garinku na san wata rana sai mun ji irin wannan.

Bari mu fara da abin da kake kira tafkinku na kaka da kakanni. Wane kaka? A 1973 aka tare ruwan, a 1975 aka buɗe madatsar, lokacin ko jihar Katsina babu, muna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, sai a 1987 muka samu tamu. Akwai dattawa a garinku da suka girme wa tafkin nan, wasu ma har sun yi aure kafin a haife shi. Kafin nan me ake da shi? Kogin Tagwai, mai cika yana batsewa da damina, rani na yi ya koma rairayi, sai an tona a samu na sha. Gwamnati ce ta zo ta gina bango ta tare shi, kuma don wa? Don mu. Ku dai an bar maku gadi. Amma kada ranka ya ɓaci, gadi ma sana'a ce, kuma ban taɓa jin an ce kun bari an sace ruwan ba.

Na san abin da za ka ce, don na haddace karatunka: faɗin ruwan ya kai hekta 600, yana ɗaukar sama da mita kubik miliyan 22, kuma a gyaran 1998 an ɗaga bangon daga mita 12 zuwa 14.7. Duk gaskiya ne. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kake faɗin 14.7 ɗin nan kana gyara hula, sai ka ce kai ka ɗauko ƙasar da kanka. Kuma kullum kana mantawa da sauran karatun. Ruwan nan ba birni kaɗai aka nufa da shi ba, har da Batagarawa da Mashi da Mani. Me ya sa ba ka zuwa Mashi ka yi masu gori? Ka san can ba taubashinka, duka za ka sha.

In girma kake nema, hau mota ka nufi Dutsinma ka ga Zobe, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa. Ruwan da take riƙewa ya kusa ninka naku sau takwas. Kusa da Zobe, tafkinka akushi ne a gaban kwatarniya. In kuma tarihi kake so, ƙetara iyaka ka je Madarunfa, kudu da Maraɗi. Can ne ake da tafkin da ba injiniya ya zana shi ba, ga kaburburan waliyyai 99 kewaye da shi, jama'a na zuwa ziyara daga nesa. Kuma kafin ka buɗe baki, wancan ma a ƙasar Katsinawa yake, don gidan sarautar da ya bar birnin nan bayan jihadi shi ya kafa mulki a Maraɗi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. Ka ga ke nan ko ta ina ka bi, ruwan namu ne. Naku tafkin wa ya taɓa zuwa masa ziyara in ba ɗaliban jami'a masu kwalabe ba, su ɗebi ruwa su auna su koma su rubuta jarrabawa?

Sai batun yawan jama'a, inda ƙaryarka ta fi yin fure. Duk lokacin da aka tambaye ka mutanen Ajiwa nawa ne, lissafin ƙaruwa yake, har na fara zargin da karfasa da tarwaɗa kake haɗawa. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Batagarawa gaba ɗayanta, da ku da duk maƙwabtanku, ba ta kai mutum 200,000 ba, alhali ta Katsina ita kaɗai ta haura 318,000. Kuma ko cikin naku ɗin, da yawa mutanenmu ne da birni ya yi wa kaɗan suka fita bayan ganuwa suka yi gini a ƙasarku. Ita kanta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke hanyar Dutsinma a ƙasar Batagarawa take zaune. Muna tafe, Na-Tagwai. Yau fili ɗaya, gobe unguwa. Wata rana za ka farka ka ga an lasafta Ajiwa cikin unguwannin birni, ka dawo kana ce mani maƙwabci.

To amma a nan ne kuma dole in sassauta maka, ba don ina so ba. Wannan yaɗuwar tamu ita ce ta sa bakinka ya yi tsawo. An gina madatsar ne don Katsinar 1975, garin da mafi yawansa ke cikin ganuwa, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga mutum ya taka da ƙafa. Daga baya ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika ta, makarantu suka ƙaru, unguwanni suka tsiro inda da gonakin gero ne. Tafkin kuwa yana nan inda yake. Kowace damina ruwa na kwaso ƙasa da yashi daga gonaki ya zube a cikinsa, ciki na cikewa, zafin bazara kuma na shan rabonsa ta sama. Shi ya sa a unguwanni da yawa 'yan ga-ruwa da kurarsu da jarkokinsu suka fi famfo cika alƙawari, mai hali kuma ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa. Ran da famfona ya kawo ruwa, yara har guɗa suke. Ran da bai kawo ba, kai nake zagi, kuma na san kana jin atishawa.

Abin da ba zan iya musantawa ba shi ne lambu. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari, bakin ruwan nan shar yake da tumatir da albasa da attaruhu da latas. Mutanen garinku ba su san zaman kashe wando ba: wannan na jan tiyo, wancan na tayar da injin ban-ruwa, masunta na cikin kwalekwale tun asuba suna duba taru. Mutanen garinku na ce, ban ce kai ba. Kai aikinka tsayawa a bakin gaɓa da hannu a baya kana ba da umarnin da ba mai ji. An ce ran da aka matsa maka ka shiga kwalekwale, salatin da ka yi ya ishi ƙauye guda, alhali ruwan wurin bai kai gwiwa ba. Sarkin ruwa ke nan, a tudu.

Saboda haka ga sharaɗi. Cika-ciki na tafe, kuma na san ba ka fashin zuwa karɓar kuɗin shara. Bana ba kwabo sai na ga kwandon tumatir da tarwaɗa manya, ba irin 'yan mitsi-mitsin bara da gwaggo ta ji kunya ta ƙara da albasa ba. In kana da amsa, rubuto, jaridar nan ba ta ƙin kowa. Sai dai ka nemi ɗan makaranta ya duba maka, don wancan saƙon da ka turo mani a waya har yau muna taro a kansa, an rasa gane gaisuwa ce ko neman bashi.