Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfuta a Kance ba Tare da an Jinginar da Gona ba

Kwamfutar tebur da mutum zai haɗa da hannunsa abubuwa bakwai ce: furosesa, madabod, ram, ma'ajiya, akwatin wuta, fanka, da gidan da za su zauna a ciki. Na takwas shi ne ɗan'uwan da ya taɓa yin wata uku a Kano, wanda zai zo ba a kira shi ba ya yanke hukunci a kan sauran bakwai ɗin. A duk kayan, shi kaɗai ake samu kyauta.

Ana farawa da niyya. Mai haɗi yakan gaya wa uwargida cewa na'urar ta karatun yara ce da lissafin shago, alhali wasan ƙwallo ne a ransa. Ya kamata ya faɗa wa kansa gaskiya ko da a ɓoye, domin rubuta takarda da wasan ƙwallo ba kuɗinsu ɗaya ba. Daga nan sai lissafi. Ana tara kuɗin da jikka, a ji farashi da naira, a je wajen ɗan canji, a dawo an rasa inda kuɗin fanka ya shiga.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa, kuma gida biyu ne ke yin ta, Intel da AMD. Magoya bayansu suna musu irin na masu Barcelona da Real Madrid, har da waɗanda ba su taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Abin da ya shafi mai saye shi ne auren furosesa da madabod, wanda ba a ɗaura shi sai gurbi ya dace. Furosesar Intel ta zubi na 12 zuwa na 14 gurbin LGA1700 take zama. Ta AMD kuwa ko AM4, wanda ya fito a 2016, ko AM5 na 2022. Wanda ya sayo amarya daga wannan gida da ɗaki daga wancan, to ya mallaki kayan ado guda biyu masu tsada. Dannawa da ƙarfi ba ta gyara wannan aure. Ƙananan allurai ne a wurin, kuma in ɗaya ta lanƙwashe, mai shago zai rantse lafiya lau ya bayar.

Ram ma haka take. DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, domin tsagar da ke ƙasan kowace ba wuri ɗaya take ba, kuma AM5 ba ta karɓar komai sai DDR5. Gigabait 16 sun ishi mai farawa, kuma sanda biyu masu takwas-takwas sun fi sanda ɗaya sauri, kamar shanun huɗa. Ma'ajiya kuwa SSD ake so. Tsohon faifai mai juyawa yana da araha da faɗi, sai dai kafin ya farka an dafa shayi an sha zubi na farko.

Katin hoto shi ne inda gonaki ke salwanta. Mai aikin rubutu ba ya bukatarsa in ya zaɓi furosesa mai nata hoton a ciki, irin Ryzen 5 5600G ko Core i3-12100. A lura da harafin ƙarshe. Furosesar Intel da sunanta ya ƙare da F ba ta da hoto ko kaɗan, shi ya sa ta fi araha, kuma shi ya sa wanda ya saye ta don arahar yakan kwana yana kallon fuskarsa a baƙin allo.

Akwatin wuta ne masu farawa suka fi rainawa, don ba ya sheƙi kuma ba a nuna shi ga baƙi. A Kance shi ne mai gida. Wutar kamfanin NIGELEC bolt 220 ce a takarda, amma tana da nata uzurin, takan tafi ba sallama ta dawo da fushi. Wutar wannan yanki da yawanta ta layin Katsina take shigowa, kuma waɗanda suka ga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin, sun san abin da ake nufi da haƙuri. Saboda haka ana neman akwati mai tambarin 80 Plus daga kamfanin da ke da suna, wat 450 zuwa 550 ga na'urar da ba ta da babban katin hoto. Akwatin da aka rubuta wa wat 800 amma nauyinsa bai kai na gwangwanin madara ba, ranar da zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja madabod. Ana kuma ware kuɗin na'urar riƙe wuta, wadda Kanawa ke kira UPS, mutanen Damagaram kuma ondiler. Aikinta ta ba mutum 'yan mintoci ya adana aikinsa ya yi salati.

Sai zafi da ƙura. Masu ƙera fanka ba su san watan Afrilu a Kance ba, inda zafi ke haura digiri 40. Gidan kwamfuta mai gilashi ta gaba da fitilu kala-kala yana da kyau a hoto, amma tanda ce. Mai raga ta gaba, da matacin ƙura da ake iya zarewa a kakkaɓe, shi ke kai hunturu biyu. Ba a ajiye shi a ƙasa. Ba a kuma lulluɓe shi da zane yana aiki, ko da zanen sabo ne. Man da ake ɗiga wa furosesa kafin a ɗora fanka, ƙwayar wake ɗaya ya isa. Ba man shanu ba ne a tuwo. A kuma tuna a ɓare ledar da ke manne a gindin fankar.

Wajen saye hanya biyu ce. Ko a bi ta Takieta a shiga Damagaram, ko a bi ta Dan Barto da Kongolam, a ratsa Daura zuwa Kano, inda titin Beirut ke cike da masu kayan kwamfuta. Duk inda aka je, a sa a gwada kaya a gaban ido, domin aika kuɗi a kan hoton WhatsApp cinikin biri a sama ne. Kayan Kano sukan zo da filogi mai ƙafa uku, soket ɗin Nijar kuma rami biyu ne zagayayyu. Kibod ɗin Kano QWERTY ne, na Damagaram AZERTY, don haka wanda ya koyi bugu a lakwal zai nemi A a na Kano ya sami Q. Babu ɗayansu mai ɓ, ɗ ko ƙ.

Ranar kunnawar farko, na'ura ba ta tashi. Kafin a zargi mai shago ko maƙwabta, a duba ƙaramin makunnin da ke bayan akwatin wuta, a sake danna ram har ta yi ƙas, a tabbatar wayar allo na jikin katin hoto in akwai shi. In duk wannan bai yi ba, a leƙa waje a ga ko unguwa na da wuta.